Ɗan Kwikwiyo Mai Cizo da Gurnani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin Wuyan Horo

Duk wanda ya taɓa rainon ɗan kwikwiyo ya san ranar nan: ka miƙa hannu za ka shafa shi, sai ka ji haƙora kamar allura sun nutse a yatsanka. Daga nan sai shawarwari su fara kwarara. Wannan ya ce a sa masa sarƙa, wancan ya ce akwai abin wuya mai rimot da ke jan kare da lantarki, danna ɗaya ya shiga taitayinsa. Na daɗe ina kiwon karnukan gadi, kuma waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan lamarin. Na fara da masu sauƙi, sannan na gangara zuwa masu nauyi.

Malam, kwikwiyona watansa uku kacal amma cizo yake ba ji ba gani. Mugun kare na samu ke nan?

Da wuya. Kwikwiyo da baki yake sanin duniya, kamar yadda jariri ke kai komai bakinsa. Yana da haƙoran nono 28, waɗanda ke fara zubewa daga wajen wata uku zuwa huɗu, sannan manyan haƙora 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa na ƙaiƙayi, shi ya sa takalmi, ƙafar kujera, bakin zani da hannunka duk ɗaya ne a wurinsa.

Akwai kuma darasin da yake koya a cikin 'yan uwansa. In ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan, a haka yake gane iyakar ƙarfin bakinsa. Kwikwiyon da aka raba da uwarsa yana sati huɗu ko biyar, kamar yadda dillalai da yawa ke yi don su sayar da wuri, bai samu wannan makarantar ba. Kamata ya yi ya cika sati takwas a gindin uwarsa. Sannan ka duba barcinsa: ƙaramin kwikwiyo na buƙatar wajen awa 18 na barci a rana, kuma wanda yara suka hana shi runtsawa tun safe, da yamma zai zama kamar an kunna shi.

To yaya zan bambanta cizon wasa da faɗa na gaske?

Ka kalli jikinsa gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan bakin. Mai wasa jikinsa a sake yake. Yana duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi sama, ya yi tsalle ya matso, ya ja da baya, ya sake dawowa. Ko da ya yi gurnani, na raha ne. Wanda abin ya kai masa wuya kuwa ƙamewa yake yi kamar an dasa shi. Kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ya kau da kai amma idonsa na kanka har kana ganin farin idon. Kafin nan ma yakan yi ta lasar leɓe ko hamma alhali ba barci yake ji ba. In ba a kula da duk waɗannan ba, sai ya ɗaga leɓe ya nuna haƙora, sai gurnani mai kauri daga ƙirji, sai kai cizo.

Ruwa ba ya tsami banza. Faɗan gaske a wurin kwikwiyo kusan koyaushe yana da mafari: an zo kusa da kwanon abincinsa, an ɗauke shi cak yana barci, an ritsa shi a lungu, ko wani baƙo ya sunkuyo kansa. Ka samu takarda ka riƙa rubuta abin da ya faru daf da kowane gurnani har tsawon mako guda. Yawancin mutane kafin kwana bakwai ɗin su cika sun gano bakin zaren.

Shi wannan abin wuyan horon da ake ta faɗa, mene ne shi?

Ba iri ɗaya ba ne. Akwai sarƙar shaƙewa, wadda ke tsukewa a wuya idan aka fizgi igiya, kuma ba ta da iyakar tsukewa. Akwai mai ƙarafa masu lanƙwasa a ciki, da ke tsunkulin fatar wuya idan kare ya ja. Akwai na lantarki, mai ƙusoshi biyu da ke taɓa maƙogwaro. Wani rimot ake danna masa, wani kuma da kansa yake tashi in ya ji haushi. Sai masu girgiza kamar wayar salula, da masu fesa ruwa mai warin lemun tsami a hancin kare. Dukansu hanyarsu guda ce: kare ya ji abin da ba ya so, domin ya bar abin da yake yi.

In na sa masa, zai daina gurnani da cizo?

Gurnanin zai iya dainawa, kuma nan ne haɗarin yake. Gurnani gargaɗi ne, kare ne ke cewa “na tsorata, a ja baya.” In duk lokacin da ya yi gurnani ya ji zafi a wuya, abin da zai koya shi ne ya yi shiru. Tsoron da ke cikinsa bai tafi ko'ina ba, ƙaruwa ma ya yi, tunda yanzu abin da yake tsoro yana zuwa tare da azaba.

Wannan ba a takarda na karanta shi kawai ba. Karena na farko ya riƙa yi wa yaran unguwa gurnani a bakin ƙofa tun yana wata huɗu. Na sa masa sarƙa, duk yaron da ya leƙo ya yi gurnani sai in fizge ta. Cikin sati biyu ya yi tsit, har ina gaya wa mutane na gyara shi. Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda yake ƙamewa, yana haɗiye yawu, duk lokacin da ya ji muryar yaro. Wata rana bayan la'asar ɗan maƙwabcinmu ya shigo ɗaukar ƙwallonsa da ta faɗo cikin gida. Karen na kwance a inuwar dalbejiya. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba, tashi kawai ya yi ya kama yaron a cinya. Ni na koya masa cewa ganin yaro na nufin zafi a wuya, kuma ni na cire masa muryar da zai gargaɗe mu da ita. Har yau in na tuna kukan yaron nan sai jikina ya yi sanyi.

Ka buɗe takardar da ke cikin kwalin abin wuyan lantarki ka karanta. Da yawa daga cikin kamfanonin da ke ƙera shi su da kansu suna rubuta cewa kada a sa wa karen da bai kai wata shida ba, kada kuma a yi amfani da shi a kan kare mai faɗa. Ga kwikwiyo mai gurnani, an saɓa gargaɗin biyu a lokaci guda.

Akwai binciken masana a kan wannan, ko ra'ayinka ne kawai?

Akwai. A 2004 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka bi karnukan gadi da ake horarwa, wasu da lantarki wasu ba da shi ba. Waɗanda aka ja da lantarki sun fi nuna alamun tsoro da damuwa, ba a filin horo kaɗai ba, har a wurin yawo, muddin mai horar da su yana kusa. Ma'ana, sun haɗa zafin da fuskar ubangidansu. A 2020 kuma Jami'ar Lincoln da ke Ingila ta gwada karnuka 63 a kan amsa kira da zama. Ƙwararrun masu amfani da lantarki ne suka horar da wani rukuni, amma duk da haka waɗanda aka horar ta hanyar ba da lada, wato ɗan abin lasawa ko yabo in sun yi daidai, sun fi saurin amsawa. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa da lada ya kamata a horar da kare, har da mai matsalar faɗa.

Doka ma ta shigo cikin maganar a wasu ƙasashe. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuyan lantarki tun 2010, Holan ta bi sahu a 2022, haka kuma an hana shi a Jamus, Denmak da Austriya. Ganin ana tallarsa a intanet ba shaida ba ce cewa lafiya lau ne.

An ce dole in nuna masa ni ne shugaba, in danne shi a ƙasa har ya sallama. Gaskiya ne?

Wannan tunanin ya samo asali ne daga binciken da aka yi a shekarun 1940 a kan kyarketai da aka tara a gidan ajiye namun daji na Basel a Suwizalan, baƙin juna da aka cusa wuri guda suna ta faɗa. Masanin kyarketai David Mech ya ƙara yaɗa shi a littafinsa na 1970, amma a 1999, bayan ya shafe shekaru yana kallonsu a daji, shi da kansa ya gyara maganar: garken kyarkeci iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya. Kwikwiyonka ba sarautar gidanka yake nema ba.

A 2009 Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta tambayi masu karnuka 140 yadda karnukansu suka mayar da martani ga horon ƙarfi. Cikin waɗanda aka daka ko aka shura, kashi 43 cikin ɗari sun rama da faɗa. Cikin waɗanda aka birkice aka danne a ƙasa, kashi 31. Shi kuwa marin hanci da mutane suka saba yi, ko babu wani bincike, hadisi ya zo a Sahih Muslim da hanin dukan fuska da yi wa dabba lalas a fuska.

Amma ni don gadi na saye shi. Ashe ba zafin nake so ba?

Wannan tambayar ce ta fi damuna, saboda a kanta ake ɓata karnuka masu kyau. Mutum zai sayi ɗan babban karen gadi irin su Alseshan ko Boerboel da kuɗi mai yawa, ya kulle shi a keji wuni guda, ya hana kowa ganinsa “don ya yi zafi.” Abin da ake samu a ƙarshe matsoraci ne mai manyan haƙora, wanda ba ya bambanta ɓarawo da surukarka ko mai kawo ruwa.

Daga sati uku zuwa wajen sati 12 ko 14 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke tantance abin da yake na yau da kullum da abin tsoro. Abin da bai gani ba a wannan tsakanin, daga baya da kyar yake yarda da shi. Don haka ya ga mai rawani, mai hijabi, tsoho mai sanda, yara, awaki da kaji, ya ji ƙarar babur da janareta, kowanne daga nesan da ba zai firgita ba, kana ba shi ɗan abin lasawa. In bai gama allurar rigakafi ba, kada ka sauke shi a titi inda karnukan unguwa ke kashi, saboda cutar gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo. Ka ɗauke shi a hannu, ko baƙin su same shi a gida. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ne, sai dai tanƙwarawar ke nan, ba sarƙa ba. Halin tsare gida kuwa da kansa yake fitowa idan kare ya fara girma, kuma wanda ya san mutane shi ne ke gane wanda ya hauro katanga da tsakar dare.

In ba abin wuya ba, me zan yi a daidai lokacin da ya kama hannuna?

Kada ka fizge hannun, abin da ke gudu shi yake ƙara masa sha'awa. Ka tsayar da shi cak, ka miƙa masa abin da aka yarda ya tauna: igiya mai kauri da aka ƙulla, ko abin tauna na roba. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka sa a firji yana sanyaya masa dasashi, amma kana wurin, kada ya haɗiye. In ya saki hannu ya kama abin, ka yaba masa. In ya dawo kan fata, ka miƙe ka fita ka ja ƙofa na rabin minti, sannan ka dawo. Darasin 'yan uwansa ke nan da na ambata a amsa ta farko: haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare.

Abin da ke rushe wannan aikin shi ne rashin haɗin kai a gida. Kai kana hanawa, ƙaninka na kokawa da shi da hannu tsirara. A zauna a yi magana ɗaya. Kada a ba shi tsohon silifa, domin ba zai bambanta shi da sabo ba. Kada kuma a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji.

Yana yi mini gurnani in na matso kusa da abincinsa. In riƙa ƙwace kwanon don ya saba?

A'a, ƙwacewar ita ke tabbatar masa da zarginsa. Ka juya lissafin. Yana cikin ci, ka zo wucewa daga nesan da bai ƙame ba, ka jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, kamar ɗan yankan hanta ko tsokar kaza, ka wuce abinka. Bayan kwanaki kana yin haka za ka ga yana ɗago kai yana kaɗa wutsiya in ya hango ka. Sai ka rage tazarar da taku ɗaya. In ya sake ƙamewa, alama ce ka yi saurin matsowa, sai ka koma baya. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, musaya za ka yi da shi, ka ba shi nama ka karɓi abin. Yara kuwa babu ruwansu da wannan aikin: kare na ci ko yana barci, yaro ba ya zuwa kusa.

Mai girgiza ko mai fesawa fa, tunda ba sa ciwo?

Sun fi lantarki sauƙi, amma ta hanyar firgitarwa suke aiki, kuma kwikwiyon da tsoro ke sa shi faɗa ba ƙarin firgita yake buƙata ba. Matsalar da na bayyana a amsar “zai daina gurnani?” tana nan. Mai girgiza yana da amfani ga kurman kare, idan aka koya masa cewa girgizar na nufin “dube ni, ga lada.”

To wane irin abin wuya zan sa masa?

Na yadi ko na fata mai faɗi, mara tsukewa, wanda yatsunka biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. Ka riƙa dubawa duk mako, domin kwikwiyo girma yake kamar ana hura shi. Na sha ganin karen da aka ɗaura wa igiyar leda ko waya yana ƙarami aka manta, har ta nutse cikin nama ta yi gyambo. Irin wannan karen dole ya ciji duk wanda ya kai hannu wuyansa. Don fita yawo, ɗamarar ƙirji ta fi, musamman mai zobe a gaba, saboda maƙogwaron kwikwiyo bai yi ƙwari ba. In akwai fargabar cizo a wurin likita, a saba masa da takunkumi mai kama da kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a cikinsa, ana sa masa nama a ciki har ya riƙa cusa hancinsa da kansa.

Na riga na yi amfani da sarƙa ko lantarki. Shi ke nan na ɓata shi?

Ba lallai ba. Cire shi yau. Ka nisanta shi da abin da ke tayar masa da hankali na ɗan lokaci, sannan ka bi hanyar da na bayyana a amsar kwanon abinci, ita ce dai ake bi ga baƙi, yara ko babur: daga nesa, da lada, taku-taku. In gurnanin ya dawo, kada ranka ya ɓaci, muryarsa ce ta dawo, kuma ka fi aminci da karen da ke gargaɗi. Zai ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Lafiya lau yake, kwatsam ya canza hali ya fara cizo. Me ke faruwa?

Wannan ba maganar horo ba ce tukuna, maganar likitan dabbobi ce. Ciwo na sa kare faɗa: ciwon kunne, kaska, gyambon da ƙuda suka yi a bakin kunne, targaɗe, ciwon ciki. Sannan a ƙasashenmu dole a kawo haukan kare a rai, kuma ƙaramin kwikwiyo ma yana kamuwa. In ka ga canjin hali farat ɗaya tare da dalalar yawu, kasa haɗiya, sauyin murya, cizon duk abin da ya tarar, ko shanyewar ƙafafu, ka killace shi ba tare da taɓa shi da hannu ba, ka kira likita. Ana yin allurar rigakafin haukan kare ta farko yana wata uku, kuma a Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Ka adana katin allurar.

Ya ciji ɗiyata har jini ya fito. Me zan fara yi?

Ki wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15 cif, ki duba agogo, sannan ku tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko wani haɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Ki tafi da katin allurar karen. Kada a kashe shi ko a kai shi daji a yar; a killace shi a sa masa ido na kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma ba a jinkirta kai yarinyar asibiti don jiran kwanakin nan. Bayan haka, ita da karen ba sa sake zama wuri ɗaya sai da babba a tsakaninsu.

Wani mai horar da karnuka ya ce in kawo shi na wata guda zai gyara mini shi. In ba shi?

Ka fara yi masa tambaya ɗaya: “In karena ya yi gurnani, me za ka yi masa?” In amsarsa fizga ce, ko lantarki, ko “sai na karya shi,” ka riƙe karenka. Haka in ya ce ba a zuwa kallon horon, ko ya yi alkawarin gyara cikin kwana kaza tun bai ga karen ba. Na kirki zai tambaye ka shekarunsa, abincinsa, inda yake kwana, da abin da ke faruwa kafin kowane cizo, zai kuma fi son ya zo gidanka, tunda a nan matsalar take kuma mutanen gidan ne za su ci gaba da aikin bayan ya tafi. In cizon ya riga ya kai ga fasa fata fiye da sau ɗaya, ka fara da likitan dabbobi. Asibitocin koyarwa na jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato suna karɓar karnuka. Ka tafi da takardar nan da ka rubuta abubuwan da ke tayar masa da gurnani, da ɗan bidiyo in ka samu ɗauka daga nesa.